Talata: ranar da harafin ƙ ya rufe manhajar kantin magani

Talata, bayan isha'i.

Da safe, ƙarfe takwas da 'yan mintuna yaron kantin maganin da muka yi wa manhajar ciniki ya kira. Ya ce in ya danna maɓallin fitar da jerin kaya sai manhajar ta ɓace daga allo ba ko sallama, in ya nemi lissafin wata sai ta sandare, rasit kuma alamar tambaya yake bugowa a gurbin alamar naira. Da yaren shirya manhaja na Python aka rubuta manhajar, tagoginta PyQt5 ne, wato kayan gina tagogi na Qt a cikin Python, bayanan suna cikin rumbun bayanai na SQLite, sannan aka ɗaure ta da PyInstaller ta zama fayil ɗin exe, irin wanda ake kunnawa a Windows. A kwamfutata mai Ubuntu ko ɗaya daga cikin ukun ba ya faruwa. Tasu Windows 10 ce. Don haka ban buɗe lambobin manhajar ba tukuna, na ɗauki filashi na tafi wurin da ciwon yake.

Ɓacewar ce ta fi cin rai, don ba ta barin shaida. Dalilin shirun biyu ne. An ɗaure manhajar da zaɓin `--windowed`, wanda ke hana baƙar tagar umarni fitowa, to duk saƙon kuskuren da Python zai rubuta ba shi da inda zai sauka. Sannan tun daga PyQt 5.5, in kuskure ya tashi a cikin aikin da maɓalli ya kira kuma ba a kama shi ba, ana kashe manhajar gaba ɗaya nan take. Mai amfani yana ganin ta rufe kanta, shi ke nan.

Aikin farko shi ne a ba ta baki. Na sa `sys.excepthook` ya riƙa kama duk kuskuren da ya kuɓuce, ya rubuta shi da cikakken jerin layukan da aka bi kafin a faɗi, sannan ya nuna wa mai amfani ƙaramar taga mai cewa an samu matsala. Kundin yana tafiya ta `RotatingFileHandler`, megabait ɗaya kowane fayil, ana ajiye tsofaffi uku, don kada ya cika faifai bayan shekara. Shi ma kundin sai an gaya masa ya yi rubutu da UTF-8, tsarin haruffan da ke ɗaukar kowane harafi, in ba haka ba zai faɗa ramin da ake son ya tona. Na sake ɗaurewa, yaron ya danna maɓallin, ga abin da ya fito:

`UnicodeEncodeError: 'charmap' codec can't encode character '\u0199'`

U+0199 ita ce lambar ƙaramin ƙ a Unicode, jerin da ya ba kowane harafi lambarsa. Jiya aka shigar da sabon kaya da suna "maganin ƙaiƙayi", kuma shi ne karo na farko da wani ya rubuta harafi mai lanƙwasa a rumbun, don yaron ya sa madannan Hausa a kwamfutar. A Python, in ka buɗe fayil don rubutu ba ka faɗi tsarin haruffa ba, yana ɗaukar na kwamfutar da yake kai. A Ubuntu wannan UTF-8 ne. A yawancin kwamfutocin Windows na wajenmu cp1252 ne, tsarin da aka yi wa harsunan Yammacin Turai, mai gurbi 256 kacal. Babu ƙ a ciki, babu ɗ mai lamba U+0257, babu ɓ mai U+0253, babu ƴ ɗin da ake rubutawa a Nijar, babu ma ₦ mai U+20A6. Wato da an taɓa sa alamar naira a wannan fayil da tuni mun gano.

Gyaran layi ɗaya ne, amma da sauran rina a kaba. Da na sa `encoding="utf-8"` fayil ɗin CSV, wato jerin kayan da maɓallin ke fitarwa, ya fita lafiya, sai dai da aka buɗe shi a Excel, ƙ ta koma Æ™. Bayanan ba su lalace ba. A UTF-8 harafin ƙ bait biyu ne, wato lambobi biyu ake ajiye shi da su, C6 da 99, Excel kuma ya karanta kowanne daban da cp1252, inda C6 yake Æ, 99 kuma ™. Duk wanda ya ga Æ™ ko â‚¦ a takarda ya san inda aka kwana. Abin da Excel ke nema shi ne alamar bait uku a farkon fayil, EF BB BF, kuma `utf-8-sig` ke sa ta. Na haɗa da `newline=""`, don in babu shi, a Windows ana samun layi fanko tsakanin kowane layi biyu na CSV.

Akwai ɓarnar da ba a kawo ƙararta ba amma ta fi ba ni tsoro. Buɗe fayil da "w" yana share abin da ke ciki tun kafin a rubuta komai. Kowane dannawa da yaron ya yi, tsohon jerin kaya mai kyau ya tafi, an bar guntun da ya tsaya daidai kan maganin ƙaiƙayi. Yanzu ana fara rubutawa a fayil na wucin gadi cikin folda ɗaya, sai an gama lafiya a maye gurbin tsohon da `os.replace`. Inda ake ɗauke wuta babu gargaɗi, wannan wajibi ne.

Tunda ƙ ta shigo rumbu, na gwada akwatin bincike. Na rubuta "Ƙaiƙayi" da babban baƙi, bai samo komai ba. `LIKE`, umarnin bincike na SQLite, yana daidaita babban baƙi da ƙarami ne a haruffan ASCII kawai, A zuwa Z. Haka `lower` da `upper` nasa. A wurinsa Ƙ da ƙ ba su san juna ba. Ga kuma yadda mutane ke rubutu: wani ƙ, wani k tsura, wani k da waƙafi a sama. Masu Faransanci suna warware irin wannan da `unicodedata.normalize`, wanda ke raba é ta zama e da alamarta, a jefar da alamar. Wannan dabarar ba ta aiki a kan namu haruffan, don a Unicode lanƙwasar ƙ ba alama ce da aka ɗora ba, harafin guda ne da ba ya rabuwa. Dole a yi teburin musanya da hannu. Na ƙara ginshiƙi na biyu a teburin kaya, inda ake ajiye sunan bayan an bi da shi ta `casefold`, an mai da ƙ zuwa k, ɗ zuwa d, ɓ zuwa b, ƴ zuwa y, an cire waƙafin sama iri-iri, miƙaƙƙe da lanƙwasasshe. Abin da aka rubuta a akwatin bincike ma ta wannan matatar yake bi kafin a kwatanta. Ginshiƙin na bincike ne kawai, ba a nuna shi, ba a kuma hana maimaici da shi, don kafa daban ƙafa daban.

Alhaji mai kantin ya leƙo wajen sha ɗaya ya ce, "Malam, cewa aka yi cutar kwamfuta ce." Na ce, "A'a ranka ya daɗe, Hausa ce ba mu koya mata ba."

Bayan azahar na koma kan sandarewa. Manhaja mai tagogi tana da zaren aiki guda da ke karɓar saƙonnin tsarin kwamfuta: an danna nan, an ja taga, a sake zana allo. In ka ɗora wa wannan zaren dogon lissafi, saƙonnin sai su yi layi. Windows na jira kamar daƙiƙa biyar, in taga ba ta amsa ba sai ya dusashe ta ya rubuta cewa ba ta amsawa. Manhajar ba ta mutu ba, aiki take, amma mai kanti zai rufe ta da ƙarfi, kuma da gaskiyarsa.

Kafin in kai aikin wani zare na tsaya in ga me ya sa yake daɗewa, don ɓoye jinkiri a bayan fage ba gyara ba ne. Na auna da `time.perf_counter`: daƙiƙa 41. Ashe rahoton yana ɗauko jerin rasit na wata, sannan ga kowane rasit ya sake aika tambaya daban don kayan da ke cikinsa. Na sa `EXPLAIN QUERY PLAN` a gaban tambayar, amsar ta fara da SCAN, ma'ana yana bin teburin layi-layi daga sama har ƙasa, sau dubbai. SQLite ba ya yi wa ginshiƙin da ke nuni zuwa wani tebur fihirisa da kansa, sai ka yi. Na yi fihirisa a kan lambar rasit da kwanan wata, na haɗe tambayoyin suka zama guda da `JOIN` da `GROUP BY`. SCAN ya koma SEARCH, lokaci ya sauko ƙasa da daƙiƙa biyu.

Duk da haka na kai shi zare na daban, don rumbun girma zai yi. A Qt hanyar da na fi yarda da ita ita ce a yi ajin ma'aikaci daga `QObject`, a tura shi cikin `QThread` da `moveToThread`, ya riƙa aiko da ci gaba da sakamako ta sigina. Ma'aikacin ba ya taɓa ko akwati ɗaya na taga. In ya taɓa, wani lokaci a wuce lafiya, wani lokaci manhajar ta faɗi ba tare da kuskuren Python ba, irin faɗuwar da ba ta maimaita kanta in kana kallo. A kuma riƙe zaren a matsayin kayan tagar, don in a cikin aiki kawai aka ajiye shi, Python zai share shi yana tsakiyar gudu.

Nan take sabon kuskure ya fito, cewa abin SQLite da aka ƙirƙira a wani zare ba a amfani da shi sai a wannan zaren. Mutane da yawa suna rufe bakin wannan da `check_same_thread=False`. Ban yi ba, don wannan cire mai gadi ne kawai, bai sa raba haɗi ɗaya tsakanin zare biyu ya zama lafiya ba. Ma'aikacin ya buɗe nasa haɗin, ya rufe in ya gama. Saura matsalar `database is locked`: a tsarin SQLite na asali, mai dogon karatu yana hana mai rubutu kammalawa, Python ya jira daƙiƙa biyar ya haƙura. Wato ana haɗa rahoto, a zo sayar da magani, ciniki ya ƙi shiga. `PRAGMA journal_mode=WAL`, tsarin da ke fara rubuta sabon ciniki a fayil na gefe kafin ya shiga rumbu, ya raba wannan gardama, masu karatu da mai rubutu guda suna aiki tare.

WAL na da sharuɗɗansa. Ba ya aiki in rumbun yana kan foldar da aka raba ta hanyar sadarwa tsakanin kwamfutoci. Yana kuma haifar da fayil biyu a gefe, masu ƙarewa da `-wal` da `-shm`. Yaron ya saba kwafe fayil ɗin rumbu zuwa filashi da yamma manhaja na buɗe. In ya ci gaba da haka, cinikin ƙarshe na iya zama a cikin `-wal` bai shiga kwafin ba. Na sa maɓallin ajiya mai amfani da `Connection.backup`, wanda ke cikin Python tun 3.7, na kuma gwada dawo da kwafin a wata folda na ƙirga layuka suka yi daidai.

Ina cikin rahoton na ga jimilla mai jelar lambobi bayan ɗigo. An ajiye farashi a matsayin lamba mai ɗigo, irin wadda 0.1 da 0.2 ke ba da 0.30000000000000004. Kuɗi a kwabo ake ajiye shi, cikakkiyar lamba, a raba da 100 wajen nunawa kawai. Na rubuta shi cikin ayyukan mako, don sauya ginshiƙin kuɗi ba aikin da ake yi ana tsakiyar ciniki ba ne.

Rasit ya zo ƙarshe, bayan la'asar. Ƙaramar firinta ce mai zafi, takarda milimita 58, tana karɓar umarnin ESC/POS. In an aika mata rubutu, da haruffan da ke cikin ƙwaƙwalwarta take bugawa, kuma na bi teburan haruffan wannan ɗin ban ga ₦ ko ƙ ba. Hanya mai sauƙi a rubuta N tsura. Na zaɓi ɗaya hanyar: a zana rasit ɗin a matsayin hoto baƙi da fari mai faɗin ɗigo 384, wanda shi ne faɗin bugun irin wannan firinta, a aika hoton. Ta milimita 80 yawanci 576 ce. Bugun ya ɗan rage sauri, amma sunan kaya na fita yadda aka rubuta shi. Salon rubutun DejaVu Sans ne, yana da haruffanmu duka, na saka shi cikin manhajar da `--add-data` maimakon in dogara da abin da ke kwamfutar mutane.

Nan ma sai da aka yi tuntuɓe, manhajar ta ce ba ta ga fayil ɗin salon ba. An rubuta hanyarsa ne daga foldar da ake tsaye, alhali exe mai fayil guda yana zazzage kayansa a wata foldar wucin gadi mai suna da ke farawa da `_MEI` duk lokacin da aka kunna shi, kuma `sys._MEIPASS` ke faɗin inda take. Daga can ake karanta hotuna da salon rubutu. Ba a ajiye rumbu a can, don ana share foldar in an rufe manhaja. Ba a kuma ajiye shi a Program Files, inda mai amfani na yau da kullum ba shi da izinin rubutu. Mazauninsa `%LOCALAPPDATA%`, tare da kundin kurakurai. Na koma ɗauri na `--onedir` gaba ɗaya, wanda ke barin kayan a folda ɗaya ba sai an zazzage ba, tunda zazzage Qt a kowace kunnawa ke sa manhajar nauyin tashi a tsohon faifai.

Ina haɗa jaka Alhaji ya ce akwai tsohuwar kwamfuta a sito, yana so ita ma a sa mata. Windows 7 ce. Na gwada, ta ce ba ta ga `api-ms-win-core-path-l1-1-0.dll` ba. Wannan saƙon yana nufin an ɗaure manhajar da Python 3.9 ko sama, 3.8 ne na ƙarshe da ke gudu a Windows 7. Sauko da fayil ɗin dll daga wani shafin intanet da ba a sani ba ba ya cikin lissafi, a kwamfutar da ke riƙe da kuɗin mutane. Gobe da safe zan tayar da Windows 7 a VirtualBox, manhajar da ke kunna wata kwamfuta a cikin tawa, in sa Python 3.8 mai bit 32, in ga ko laburaren da muke amfani da su duka suna da sigar da ta yarda da shi kafin in ba Alhaji amsa.