Saukar zazzaɓi ba kullum ne sauƙi ba

Kusan kowane gida a Kaduna akwai mutum ɗaya da ake miƙa wa takardar magani ya karanta. Shi ake aike kemis, shi ake tambaya ko ƙwayar nan kafin abinci ake sha ko bayansa. Yawanci matashi ne, don ya yi makaranta kuma ga waya a hannu. Idan kai ne wannan mutum a gidanku, ko ke ce, da ku nake. Na riƙe wannan matsayi a gidanmu a Tudun Wada, kuma saura ƙiris in rasa mahaifina saboda abin da na ɗauka na sani.

Baba yana da ciwon suga. Ƙusa ta soke shi a tafin ƙafa, wurin ya kumbura, sai ga zazzaɓi. Na je kemis na ce maleriya ce, aka ba ni maganinta. Da zafin ya ƙi sauka na koma na ce to taifod ce. Ko kaɗan ban haɗa zazzaɓin da ƙafar ba. Wani dare sai jikinsa ya yi sanyi, ya yi shiru yana ta barci, na ce, "Umma, alhamdulillahi, magani ya fara aiki, a bar shi ya huta." Umma ce ta ƙi yarda. Ta ce numfashinsa ya yi sauri, kuma tun la'asar bai nemi buta ba. Da ta tashe shi sallar asuba, sai ya kira ta da sunan ƙanwarsa da ta daɗe da rasuwa. A asibiti likita ya ce sefsis ne, kuma ƙodarsa ta fara gazawa.

Abin da na fahimta daga baya shi ne, ba ƙwayar cutar kaɗai ke yin ɓarnar ba. Sojojin jikinmu ne ke yin kaso mai yawa. Idan ƙwayar cuta ta shiga ta rauni, fararen ƙwayoyin da ake kira makrofej, waɗanda dama suna zaune a cikin nama, su ke fara cin karo da ita. Suna haɗiye ta, sannan su saki wasu sinadaran kiran ɗauki da ake ce wa sayitokin. Wannan kira shi ke sa jijiyoyin jinin wurin su buɗe, bangonsu ya yi sako-sako, domin nutrofil su samu hanyar fitowa. Su nutrofil sun fi rabin fararen ƙwayoyin jinin baligi. Jan da wurin ke yi, da zafi da kumburi, duk aikinsu ne, kuma mafi yawan ruwan mugunya gawarwakinsu ne. Muddin abin ya tsaya a wuri ɗaya, rahama ce daga Allah.

Sefsis shi ne lokacin da wannan kira ya karaɗe jiki gaba ɗaya, kamar a cinna wa rumbu wuta don ɓera ya shiga. Jijiyoyi ko'ina su buɗe, ruwa ya riƙa tsiyayewa daga cikinsu zuwa nama, awon jini ya faɗi, ƙananan gudaji su toshe ƙananan hanyoyi. Ƙoda ta rasa isasshen jini, fitsari ya ragu. Ƙwaƙwalwa ta rasa, magana ta rikice. Huhu ya shiga wahala, numfashi ya yi sauri. Sanyin da na taɓa a hannun Baba na yi murna, jinin ne ya daina isa fata sosai. Tsofaffi da jarirai ma wani lokaci ba sa yin zazzaɓin sam, zafin jikinsu ƙasa yake yi. Shi ya sa a 2016 masana suka sake bayanin cutar, suka ce gazawar gaɓoɓin jiki ce mai barazana ga rai, wadda ke faruwa idan martanin jiki ga ƙwayar cuta ya fita daga tsari.

Kuma ba baƙuwar cuta ba ce. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2020 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2017 an samu kusan mutum miliyan 49 da sefsis a duniya, miliyan 11 suka rasu, wato kusan ɗaya cikin kowace mutuwa biyar. Kimanin miliyan 20 na masu kamuwar yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Ni kam ina zargin da yawa daga cikin waɗanda muke cewa sun rasu bayan gajeruwar rashin lafiya, wannan ce ta ɗauke su.

To ƙannena, ku daina auna ciwo da tafin hannu a goshi kawai. Ku kalli mutumin. Ɗauki agogon wayarka ka ƙirga numfashinsa na minti ɗaya: baligi da ke kwance yana yin 22 ko fiye, akwai matsala. Idan da na'urar awon jini a gida, lambar sama ta sauko 100 ko ƙasa, akwai matsala. Yi masa magana ka ji ko yana gane ka, ko barci ke ta fizgarsa. Tambayi yaushe rabonsa da fitsari. Duk wanda ke da rauni, ko tari, ko zafin fitsari, ko gudawa, ko maleriya, sannan ɗaya daga cikin waɗannan ya bayyana, maganar kemis ta ƙare. Kar a kira wani ya zo ya ɗaura ruwa a gida, kar a jira gari ya waye. A nufi asibitin da ke karɓar gaggawa, ko Yusuf Ɗantsoho, ko Barau Dikko, ko Gwamna Awan ga mutanen Kakuri. Ku tafi da kwalayen duk magungunan da ya sha, ku faɗi inda ciwon ya fara. Idan jini ya riga ya faɗi, likitoci so suke su fara allurar kashe ƙwayar cuta cikin awa ɗaya, su ƙara ruwa, su nemo tushen ciwon su tsabtace shi.

Akwai waɗanda ba a jira musu ko alama ta biyu. Jariri sabon haihuwa da ya ƙi kama nono ko cibiyarsa ta yi ja tana wari. Mai jego da zazzaɓi ya kama, ga ciwon mara. Mai sikila, domin saifarsa, wadda ke tace ƙwayoyin cuta daga jini, tun yana ƙarami take lalacewa. Sai mai suga, wanda nutrofil ɗinsa ba sa aiki da kuzari idan suga ya hau.

Kuskurena na ƙarshe bayan an sallamo Baba na yi shi. Na ɗauka an gama. Na buɗe ƙofa, ɗaki ya cika da 'yan dubiya, mai mura ya shigo, mai tari ya zauna bakin gado ana ta musabaha. Ba a daɗe ba ciwon huhu ya mayar da shi gadon asibiti. Ashe sefsis fuska biyu gare shi. Bayan wutar farko, har ma a tsakiyarta, limfosayit, ƙwayoyin da ke tsara yaƙi suna kuma tuna abokin gaba, mutuwa suke yi da yawa, makrofej kuma su yi sanyi. Mutum ya tsira, amma garkuwarsa na iya ɗaukar makonni ko watanni kafin ta farfaɗo. A shekarun 1990 an gwada magungunan da ke toshe sayitokin da fatan a kashe wutar, sakamakon bai zo yadda aka so ba, kuma wannan fuska ta biyu tana cikin dalilan da masana ke kawowa.

Dubiya ibada ce, ba na cewa a hana. Amma kai da aka ɗora wa kula da mara lafiya, ka tsaya a bakin ƙofa da ladabi. Ka ce, "Kawu, likita ya ce a rage shiga, ku yi masa addu'a daga nan." Ka ajiye buta da sabulu, mai shiga ya wanke hannu, mai mura ya gaisa ta waya. Idan kuma tari ko zazzaɓi ya dawo, ko raunin ya sake ruwa, a koma asibiti a ranar, da takardar sallama a hannu, a gaya wa likita tun daga farko cewa wannan mutumin ya yi sefsis kwanan nan.