Idon makaɗin jita a kan dandamali

Sana'ata haɗa makaɗa ce da kai su duk inda ake son kiɗa kai-tsaye. Kamfanin ƙarami ne: kayan sauti, fitilu, da makaɗan da nake kira in aiki ya samu, ni kuma ina riƙe da jita a yawancin ayyukan. Wanda ke zaune cikin taro yana ɗauka kunne da yatsu ne kawai ke aiki. Ido ma yana nasa, sai dai ba a lura da shi sai ya fara gazawa. Makaɗan da na fi dogara da su, waɗanda hannunsu ya nuna, kusan dukkansu sun kai shekarun da gani ke raguwa, har da ni. Shi ya sa maganar tabarau ta zama wani ɓangare na aikina kamar gyaran lasifika da sayen tsirkiya.

A cikin ido akwai wani ɗan madubi mai laushi da ke lanƙwasawa idan mutum ya dubi abu na kusa. Yana ƙara tauri a hankali, ganin abu na kusa ya riƙa yin wuya, ana fara jin abin tsakanin shekara 40 da 45, ya ci gaba har wajen 60. Mai karatu yana miƙa hannu ya nisanta takarda, ya samu sauƙi na ɗan lokaci. Makaɗi ba shi da wannan dama, domin wuyan jita yana inda maɗaurin da aka rataya ta da shi ya ajiye shi.

Matsalar ita ce a cikin waƙa guda ido yana zirga-zirga tsakanin wurare da yawa. Wuyan jita yana kamar santimita 40 zuwa 60 daga fuska, gwargwadon gaɓar da ake dannawa, wato sararin da ke tsakanin ƙarafan wuyan, da tsawon maɗauri. Takardar waƙa tana kamar santimita 70 zuwa 90. Fedojin sauya sauti suna ƙasa, wajen mita ɗaya da rabi ga mutumin da ke tsaye. Mai ganga da za ka jira ya ɗaga kai a tsaya tare yana can baya, jama'a kuma suna can gaba. Tabarau na karatu an yi shi ne don littafi a santimita 40. Lissafinsa ba wuya: ka raba 100 da ƙarfin gilashin, abin da ya fito shi ne iyakar nisan da za ka gani sarai, in dai ganinka na nesa lafiya yake. Gilashi mai +2.50 yana tsayawa a santimita 40, mai +1.50 yana kaiwa kusan 67, mai +1.00 yana kaiwa mita ɗaya. Wanda ya hau dandamali da tabaransa na karatu mai +2.50 zai ga yatsunsa tas in suna kusa, takardar waƙa ta zama hazo, feda kuwa sai lalube da ƙafa.

Da yawa sai su koma ga gilashi mai hawa-hawa, wanda samansa na nesa ne, tsakiyarsa na matsakaicin nisa, ƙasansa na kusa, ba tare da layi a tsakani ba. Tun 1959 aka fara sayar da irinsa a Faransa da sunan Varilux, kuma ga zaman ofis da tuƙi abu ne mai kyau. A kan dandamali ne yake ba mu wahala, don an tsara shi ga mutumin da abinsa na kusa ke gabansa sosai, ɗan ƙasa kaɗan. Wurin da ake gani sarai wata siririyar hanya ce a tsakiyar gilashin, gefe da gefe kuwa abu yana karkacewa. Makaɗin da ke kaɗawa da dama yana duban wuyan jita ta ƙasa wajen hagu, daidai inda gilashin ya fi muni. Ƙarafan wuyan sai su riƙa lanƙwasa suna motsi in ya juya kai. In ya sunkuyar da ido ya dubi feda, ta ɓangaren karatu yake dubawa, abin da ke mita ɗaya da rabi kuma ba zai fito ba sai ya dunƙule haɓa a ƙirji. Mai kaɗawa yana rerawa ba zai iya wannan ba, bakinsa na kan makirufo. Matakalar hawa dandamali ma takan yi kamar tana yawo, kuma wannan ya fi damuna fiye da kuskuren kiɗa, saboda mutum yana sauka ne da kaya a hannu cikin duhu. Akwai waɗanda suka saba da shi suna aiki lafiya, ban hana kowa ba. Amma duk wanda ya ce mini sabon tabaransa ya rikita masa wasa, tambayata ta farko ita ce wane iri ne.

Abin da nake yi yanzu kafin makaɗi ya je wurin likitan ido shi ne awo. Yana tsayawa a ɗakin gwajinmu da jitarsa a rataye yadda ya saba, ni kuma in ɗauko tef. Daga idonsa zuwa gaɓa ta 5, zuwa ta 12, zuwa madogarin takarda, zuwa feda. Mu rubuta. Sannan in ce ya tafi da jitar kanta, domin gani ya kori ji: likitan da ya ga yadda kan mutum ke karkata da inda idonsa ke sauka zai fahimci abin da bayanin baki ba zai isar ba. Kalmar "kusa" a wurin likita tana nufin littafi sai in ka faɗa masa naka kusan. Ni abin da ya yi mini shi ne gilashi mai ƙarfi ɗaya, matsakaici, wanda na keɓe don wasa kawai. Wuyan jita da takarda suna fitowa ko ta ina na duba, fedoji ina gane su, fuskokin da ke bayan zaure kuma sun ɗan dushe. Na yarda da wannan ciniki. Wani abokin aikinmu da ke jagorantar waƙa yana buƙatar ganin jama'a, sai aka yi masa mai hawa biyu, saman na nesa, ƙasan an auna shi a nisan takarda maimakon nisan littafi.

Rabin aikin ke nan. Sauran rabin yana hannuna a matsayin mai fitilu, kuma a nan ne masu irin sana'ata suka fi sakaci. Ƙofar da haske ke shiga a tsakiyar ido tana ƙanƙancewa da shekaru, madubin ciki kuma yana rage tsabta, har ya zama hasken da ke isa bayan idon ɗan shekara 60 bai wuce kamar kashi ɗaya cikin uku na abin da ɗan shekara 20 ke samu ba. Yaron da ke sarrafa fitilu yana ganin dandamali da haske wadatacce, dattijon da ke riƙe da jita yana cikin magariba. Shuɗin fitila yana da kyau a hoto, amma ido yana shan wahala wajen daidaita gani a cikinsa. Jar fitila tana haɗiye duk abin da aka rubuta da jan alƙalami. Mafi muni shi ne a haska wa mutum fitila mai ƙarfi a fuska, a kashe ta farat ɗaya, a ce ya nemo gaɓar da zai fara sabuwar waƙa, alhali idon da ya manyanta yana daɗewa kafin ya saba da duhu. Dokata ita ce kowane makaɗi yana da farar fitila mai laushi da ke sauka a kan wuyan jitarsa daga sama ta gefe, ba ta canza launi, ba ta mutuwa ko da an dusashe sauran. Jama'a ba sa ma lura da ita.

Gilashin kansa yana da nasa rikici da fitila. Gilashin roba na yau da kullum yana mayar da kusan kashi 8 cikin 100 na hasken da ya same shi, shi ne ƙyallin da ke hana mutum gani in fitila na bayansa ko gefensa. Shafin hana ƙyalli da ake yi wa gilashi yana rage wannan zuwa kusan kashi 1, kuma ban ga dalilin da mai aikin dandamali zai yi tabarau ba tare da shi ba. Gilashin da ke yin duhu da kansa kuwa hasken rana yake amsawa, fitilun dandamali ba sa motsa shi sosai, sannan in wasan rana ne a fili yana iya yin baƙi daidai lokacin da kake son karanta allon feda. Baƙin tabarau ya yi wa mawaƙi Roy Orbison kyau har ya zama alamarsa, amma wanda matsalarsa ƙarancin haske ce ƙara wa kansa duhu zai yi.

Jitar ma ana gyara ta. Makaɗin da ke tsaye ba ya ganin alamomin da ke fuskar wuya, ƙananan ɗige-ɗigen gefe yake bi, waɗanda ke kan gaɓa ta 3, 5, 7, 9 da 12, kuma faɗinsu kamar milimita 2 ne kawai. A jita irin ta Fender mai tsawon tsirkiya milimita 648, gaɓar farko tana da faɗin milimita 36, ta 12 kuwa 19 kacal. Kuskure yana zuwa ne a lokacin tsalle, idan hannu ya taso daga ƙasa zai dira a sama. Ka kauce da gaɓa ɗaya, sautin ya karkace yadda ko wanda bai san kiɗa ba zai ji. Mai gyaran jita yana iya cire ɗige-ɗigen ya sa manya, ko ya sa masu ƙyalli a duhu irin na Luminlay, waɗanda ake haska wa tocila kafin a hau. Wanda ba ya son a huda masa jita sai ya manna ɗan farin salatif. Jerin waƙoƙi muna rubuta shi da baƙar maka mai kauri a farar takarda, suna ɗaya a layi ɗaya. Masu amfani da kwamfutar hannu suna ƙara girman rubutu su juya shafi da fedar ƙafa. Bakin dandamali da matakala muna bi su da farin tef.

Zufa tana zamar da tabarau a tsakiyar waƙa, lokacin da hannu biyu duk suna aiki. Firam mara nauyi mai robar hanci, da igiya ta bayan kai, sun isa. In mutum yana sa na'urar ji ta cikin kunne, hannun tabarau mai kauri yana rigima da wayar da ke zagaye kunnen, sai a nemi siriri. Gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido yana raba mutum da wannan duka, sai dai fanka da hayaƙin ado na dandamali suna busar da ido. Tabarau na biyu yana zama cikin akwatin jita kullum.

Duk da haka ina matsa wa makaɗana su rage dogaro da ido. Cikin shahararrun makaɗan jita, José Feliciano makaho aka haife shi. Doc Watson da Jeff Healey tun suna jarirai suka rasa gani, Healey ma a cinya yake kwantar da jitarsa. Amadou Bagayoko na Mali, wanda ya rasu a 2025, yana matashi ya makance, ya kuma zaga duniya da jita. Hannu yana iya sanin wuyan jita shi kaɗai. Sai dai su sun shafe rayuwarsu suna gina wannan sani, wanda kuwa ya yi shekara talatin yana leƙen yatsunsa ba zai same shi a mako guda ba. Muna yin wani ɓangare na gwaji da fitila a kashe, muna maimaita wuraren tsalle har hannu ya daina shakka. Sharaɗin shi ne kada a taɓa tsawon maɗauri, jita ta riƙa zama wuri ɗaya a jiki kullum.

Abin da ya fi ba ni aiki shi ne ɓoyewa. Makaɗi yana tsoron in aka san ganinsa ya ragu za a daina kiransa, sai ya yi shiru. Ina gane alamun: kai yana ƙara sunkuyawa, mutum ya fara ƙin sababbin waƙoƙi, ya riƙa tambayar na kusa da shi wace ce ta gaba. Wani dattijo da muka daɗe tare na same shi shi kaɗai bayan an tashi, na ce, "Baba, takardar nan tana fito maka kuwa?" Ya ɗan yi jim, ya ce, "Yaro, rabonta da fitowa an jima." Washegari muka yi awo. Ina tuna wa irinsu cewa makaɗan jita Buddy Holly da Hank Marvin da tabarau duniya ta san su. A lissafin kasuwanci ma, fitila ɗaya da tef ba su kai asarar makaɗin da ya haddace ɗaruruwan waƙoƙi, ya kuma san lokacin da ake sassautawa ba.

Abu ɗaya ne ba na sassauci a kansa: sayen tabarau na kan tebur ba tare da an duba ido ba. Ba kowane hazo ne na shekaru ba. Yanar ido tana sa fitilu su riƙa yin zobe suna kashe ido, kuma mu da muke kwana gaban fitilu mukan riga kowa jin ta. Hawan jinin ido yana cin ganin gefe ba tare da ciwo ba, abin da ya tafi kuma ba ya dawowa, don haka makaɗin da ya fara tuntuɓe da waya ko bugun madogarin makirufo ina tura shi a auna masa. Mai ciwon suga yana buƙatar a riƙa duba masa bayan ido a kai a kai. Wanda ya ga walƙiya ko wani abu kamar labule ya rufe masa gefen gani, ranar zai je asibiti, ni zan nemo wanda zai riƙe masa aikin daren. In kuma ta kai ga aikin cire yana, madubin da za a dasa yana da nisan da aka saita shi, saboda haka takardar awon nan da muka rubuta tana bin mutum har wurin likitan tiyata, ya nuna ta kafin a zaɓi madubin.