Tsirkiyar hanji ba ta san gaggawa ba

Shekara huɗu muka yi muna kiɗa tare, ni da biyolin, Malam da hafsikod, wani kayan kiɗa mai kama da fiyano. Watan jiya na tattara ya-nawa-ya-nawa.

Biber, wani tsohon mai tsara kiɗa na Turai, shi ne ya raba mu. Duk wanda ya taɓa sonatocinsa na Rosary, wato waƙoƙin biyolin da ya rubuta a Salzburg a shekarun 1670, ya san kusan kowace da irin ɗaurin tsirkiyarta. A ta 11 har gitta tsirkiyoyi biyu na tsakiya ake yi. Shi ya sa masu hankali ke hawa dandamali da biyolin biyu ko uku, kowanne an ɗaure shi tun kwanaki ya zauna. Na faɗa wa Malam haka. Ya ce aron kaya kashe kuɗi ne, ɗaya ta isa, in sake ɗauri a tsakanin waƙoƙi.

Nawa laifin ba zan ɓoye ba: ana gobe wasa na sa sabuwar tsirkiya, don tsohuwar ta fara gashi. Tsirkiyar hanjin tunkiya kuwa sai ta yi kwanaki tana miƙewa kafin ta tsaya. Ga coci mai sanyin ƙanƙara, ga numfashin mutane ya cika shi da laima. Muna tsakiyar ta 11 na ji sautin yana zamewa ƙasa a ƙarƙashin yatsana, ina binsa da yatsa, yana gudu. Gumi ya jiƙa mini wuya, ga ba abin tokare haɓa a irin biyolin ɗinmu. Malam bai ko ɗago kai ba.

Da aka tashi, a gaban mai shirya wasan ya ce, "Yaro ne, bai gama koyo ba." Na ce, "Haka ne, Malam." Har yau amsar nan tana ci mini rai fiye da tsirkiyar.

Sauran darussan ƙanana ne. Tambayi ko a ma'aunin sauti na 415 za a ɗaura tsirkiya ko na 440, wanda ya fi shi tashi sama, kafin ka baro gida. Kada ka cika wa waƙoƙin Corelli, mai tsara kiɗa ɗan Italiya, ado a zagayen farko kafin a maimaita. Maganar kuɗi a rubuce.

Ga mai shirin shiga irin wannan haɗin na mutum biyu: duba wa ke zaɓen waƙoƙi, wa ke karɓar tafi. Yanzu biyolin biyu gare ni, na biyun bashi na ci na saya. An ce wanda ya gaje ni wajen Malam an aro masa uku.