Minti Talatin a Rabat

Jitar ce ta fara jin jiki. Mun sauka a Kasabalanka da asuba, muka tsaya wurin ɗaukar kaya har kowa ya watse, sai can aka turo ta ta wata ƙofar gefe, akwatin ya tsage daga wuya, ɗaya daga cikin kunnuwan da ake ɗaure tsirkiya ya karye. Mawaƙin da na rako, yaro ɗan shekara 24 wanda nake riƙe wa harkokinsa shekara uku ke nan, ya durƙusa yana shafa ta kamar mai jinya.

“Yaya, shi ke nan an gama da mu?”

Na ce masa, “Tashi, ƙanena, ko farawa ba a yi ba.” Ni ma dai cikina ya ɗuri ruwa, na ɓoye ne kawai.

Jirgin ƙasa muka hau daga ƙarƙashin filin jirgin, muka canja a tashar Casa Voyageurs, daga nan kamar awa guda zuwa Rabat. Watan Nuwamba ne, da ɗan sanyi, teku na leƙowa ta taga jefi-jefi. Shi barci ya yi, jitar na rungume a ƙirjinsa. Ni kuwa ina ta bitar takardu.

Abin da ya kai mu shi ne Visa For Music, kasuwar waƙa da Brahim El Mazned ya assasa a 2014 domin mawaƙan Afirka da Gabas ta Tsakiya. Na ce kasuwa, kuma kasuwar ce da gaske. Da rana rumfuna ne da tebura da zaman tattaunawa, da dare kuma mawaƙan da aka zaɓa su hau dandali a babban gidan wasa na Mohammed V ko a zauren Renaissance. Masu kallon da ake ji da su ba su da yawa: masu shirya bukukuwan waƙa, dillalan da ke haɗa wa mawaƙi rangadi, wakilan kamfanonin faifai, ’yan jarida. Irin wannan taro akwai shi a wurare da dama. WOMEX da aka fara a Balin a 1994 yana zagaya biranen Turai duk shekara, MASA na Abijan ya girme shi da shekara guda, akwai Atlantic Music Expo a Praia, ga kuma Sauti za Busara a Zanzibar duk Fabrairu. Mu dai namu rabon minti talatin ne, a dare na biyu.

Kafin daren akwai abin da ya fi ba ni tsoro, wato ganawar gaggawa. Ana jera tebura, kowane da baƙo a zaune, a ba ka ’yan mintoci ka sayar da hajarka, a buga ƙararrawa ka matsa gaba. Tebur na uku wata mata ce mai furfura, mai shirya wani biki a arewacin Turai. Yaron ya zaro waya da fara’arsa, ya nuna mata yawan waɗanda suka kalli bidiyonsa a TikTok. Ta duba, ta gyaɗa kai don ladabi, ta ture wayar gefe da ɗan yatsa. Sai tambayoyi. Ku nawa ne a dandali? Fasfo ɗin wace ƙasa kuke riƙe da shi, kuma saura wata nawa ya ƙare? Wa ya mallaki asalin naɗin waƙoƙin, kai ko mai situdiyo? Kuna da takardar da ke nuna makirufo nawa kuke buƙata da inda kowa zai tsaya? Akwai bidiyon wasanku kai tsaye, wanda ba a gyara murya ba? Biyu muka amsa da ƙarfin gwiwa, sauran muka yi ta inda-inda. Ko sau ɗaya ba ta ce ya rera mata wani abu ba. Da ƙararrawa ta kaɗa ta ba mu katinta, ta ce jadawalinta na baɗi ya riga ya cika, na shekara mai zuwa bayansa take dubawa.

A waje ya tsaya yana huci. “Yaya, wannan mawaƙi take nema ko akawu?”

Dariya na yi, amma tambayar ta zauna mini. Shekara uku ina gaya masa cewa intanet ta rushe iyakoki, kuma ban yi ƙarya ba gaba ɗaya. Tun Fabrairun 2021 da Spotify ya buɗe a ƙasashe sama da 80 a lokaci guda, da yawansu a Afirka, ga Boomplay da Audiomack da YouTube, waƙar da aka naɗa a ɗaki da daddare tana iya kwana a kunnen wani a Brazil. Tun kafin wannan ma, waƙoƙin Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan Nijar, sun ratsa Sahara ta katin waya da Bluetooth, hannu zuwa hannu, har suka faɗa kunnen Christopher Kirkley na kamfanin faifai na Sahel Sounds, daga nan duniya ta san shi. Waƙa ba ta bin layi a ofishin jakadanci. Mai waƙar ne ke bi, da takardar banki da wasiƙar gayyata da hoto mai farin bango, kuma ana iya ce masa a’a ba tare da dogon bayani ba. A 2024 Amurka ta ɗaga kuɗin takardar neman bizar masu wasa daga dala 460 zuwa sama da dala 1,000, ba a ma zo maganar lauya da tikiti ba. Ƙungiya mai mutum biyar da ba ta yi suna ba, ina za ta fara?

Da yamma na shiga wani zama kan kuɗin sauraro ta intanet, na fito da ciwon kai. Alƙaluman IFPI, ƙungiyar kamfanonin faifai ta duniya, sun nuna kasuwar faifai ta Afirka kudu da Sahara ta ƙaru da kashi 24.7 cikin ɗari a 2023, ba yankin da ya kai ta saurin girma. Aka yi tafi. Sai mai jawabin ya ƙara da cewa kashi 77 na kuɗin daga Afirka ta Kudu kaɗai ya fito, tafin ya mutu. Yadda abin yake, manhajar tana tara kuɗin da ta samu a kowace ƙasa ne ta raba gwargwadon yawan sauraro, don haka sauraro dubu daga inda kuɗin rajista yake da arha, ko inda yawanci kyauta ake ji, ba ya kama ƙafar sauraro dubu daga Jamus. Daga 2024 kuma Spotify ba ya biyan ko sisi kan waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 cikin wata goma sha biyu ba, alhali kullum ana zuba sababbin waƙoƙi sama da dubu ɗari a manhajojin nan, yanzu har da waɗanda na’ura ke ƙerawa ba da bakin mutum ba. Ni abin da na fahimta, sabon mawaƙi zai ci gaba da samun suna a waya, abincinsa kuwa yana kan dandali, dandalin kuma sau da yawa yana bayan wata iyaka.

Maganar jita fa? Wani makaɗi daga Madagaska ne ya fitar da mu. A bayan dandali ya ga yaron yana ƙoƙarin murɗa karyayyen kunnen da filaya, bai ce komai ba, ya buɗe wata ’yar jakar fata cike da sukurori da tsofaffin tsirkiyoyi, ya zaro kunne guda wanda bai yi kala da sauran ba. Ba Hausa, ba Turanci, Faransancin nawa kuma na gaisuwa ne. Da hannu suka yi magana. Ya ɗaura, ya ja tsirkiyar yana kasa kunne har ta hau, ya miƙa masa, ya dafa kafaɗarsa ya wuce. Har yau kunnen nan na jikin jitar, fari a cikin baƙaƙe biyar.

Wasan kansa ba zan iya ba da labarinsa tiryan-tiryan ba, don rabinsa agogo nake kallo. Na dai san a waƙa ta farko muryarsa ta yi rawa, a ta uku ya rufe ido ya manta da masu katin wuya da ke gaba, wasu ’yan mata daga bayan zaure suka kama amshi da harshen da ba su sani ba. Ya sauka saura minti biyu, wanda a irin wurin nan alheri ne, don wanda ya ci lokacin na bayansa ba a mantawa da shi.

Na tara kati goma sha ɗaya a daren. Wanda ya yi amfani a cikinsu ban ma ɗauke shi da muhimmanci ba da farko. Wani mutum ne mai ƙaramin biki a gabashin Afirka, ya same ni washegari a bakin kogin Bou Regreg, inda na je shan iska ina kallon Sale a tsallake. Ya ce ba shi da kuɗin kirki, amma yana da dandali da masauki, yana kuma da abokai biyu masu irin bikinsa a ƙasashe maƙwabta. In su ukun suka raba kuɗin jirgi, wasa uku ke nan cikin kwana goma. Sharaɗinsa ɗaya, in ya turo nasa mawaƙin ɓangarenmu, mu ma mu nema masa inda zai tsaya. Ya yi ƙorafin da kowa ke yi a taron, cewa tashi daga wani birnin Afirka zuwa wani yakan fi zuwa Faris tsada, wani lokaci ma sai ka bi ta Faris ɗin. Amma ya ce aƙalla Ruwanda da Benin da Gambiya sun daina neman biza daga ’yan Afirka, a fara da inda ƙofa take a buɗe. Na ji kunya kaɗan, don ni duk lissafina Turai nake kallo, ban taɓa buɗe taswirar ta wannan gefen ba.

A jirgin ƙasan komawa bai yi barci ba. Ya karɓi biro a hannuna, ya juya bayan takardar shirin taron, ya jera sunayen waƙoƙinsa tara, gaban kowace ya rubuta wanda ya yi kiɗa da wanda ya sa baiti. A ta huɗu ya tsaya.

“Yaya, wannan fa mai situdiyo bai karɓi kuɗi ba, cewa ya yi in ta fashe ma yi magana.”

Na ce, “To kira shi yanzu, tun ba ta fashe ba.”

Ya duba agogo, ya lissafa bambancin lokaci da yatsu, ya danna lambar. Muna shiga Mohammedia aka ɗauka.