Wi-Fi ya haɗu, amma shafuka sun ƙi buɗewa

'Yan'uwa masu koyon Linux, daren jiya ne intanet ya dawo a kwamfutata, bayan ya ɗauke tun ranar da na sabunta ta daga Ubuntu 22.04 zuwa 24.04. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne alamar Wi-Fi tana nan cike, wayata tana aiki lafiya lau a kan wannan Wi-Fi ɗin, amma kwamfutar ko shafi ɗaya ba ta buɗewa. Sabuntawar ta riga ta lashe datar da nake sa ran za ta kai ni ƙarshen wata, ga kuɗin ƙaramar na'urar Wi-Fi ta USB da na saya wadda ba ta sauya komai ba.

Haske ya fara samuwa ne da na gwada ping 8.8.8.8 (umarnin da ke gwada ko ana isa ga wani adireshi a intanet) ya amsa, amma da na sa sunan shafi sai ya ce "Temporary failure in name resolution". Ke nan hanya a buɗe take, DNS ne ya tsaya, wato tsarin da ke fassara sunan shafi zuwa adireshinsa na lambobi. Sai dai resolvectl status ya nuna adireshin DNS daidai, kuma nan ne kaina ya ɗaure sosai, domin systemd-resolved, mai kula da DNS a Ubuntu, yana aiki amma babu manhajar da ke tambayarsa.

Matsalar tana cikin /etc/resolv.conf. A Ubuntu wannan fayil mahaɗi ne kawai zuwa /run/systemd/resolve/stub-resolv.conf, wanda ke tura tambayoyi ga 127.0.0.53, adireshin da systemd-resolved ke sauraro a cikin kwamfutar. Da na duba da ls -l, sai na tarar da fayil mai zaman kansa ɗauke da adireshin da wata tsohuwar manhajar VPN ta rubuta, adireshin da ba a isa gare shi sai VPN ɗin yana kunne, shi kuwa ya daina tashi tun bayan sabuntawar.

Ko da na gano haka, fayil ɗin ya ƙi goguwa, har da sudo, umarnin da ke ba da ikon root, wato babban mai iko a tsarin: "Operation not permitted". Na jima ina kallon allon cikin takaici kafin umarnin lsattr ya nuna harafin i a kan fayil ɗin, wato an kulle shi ta yadda ko root ba zai taɓa shi ba. Na cire kullen da chattr -i, na mayar da mahaɗin da ln -sf, nan take shafuka suka fara buɗewa. Ina alfahari da cewa ban sake girka tsarin daga farko ba, duk da shawarar da aka yi ta ba ni. Yanzu saura firinta, wadda har yanzu kwamfutar ba ta ganinta a kan Wi-Fi.