Idan hancin kare ya fara koɗewa: cutar lufus

Ka dubi hancin lafiyayyen kare da kyau. Galibi baƙi ne wuluk, da danshi, samansa da 'yan ƙuraje-ƙuraje kamar an jera ƙananan tsakuwa. Idan lufus ta fata ta kama shi, baƙin nan ne ke fara komawa toka-toka, sannan ja-ja, hancin ya yi sumul. Daga baya ɓawo ya fito, ya tsattsage, ko ɗan gogawa ya yi sai jini.

Ba ƙwayar cuta ke kawo ta ba, kuma ba a ɗaukarta, ko mutum ko wani kare. Garkuwar jikin karen ce ke rikicewa ta far wa naman jikinsa. An fi ganinta a jinsin karnukan Jamus masu gadi, da koli, da haski na Saberiya, kuma hasken rana yana tsananta ta ƙwarai.

Lufus ɗin akwai ta fata, akwai mai game jiki. Wannan ta fata da sauƙi. Ana hana karen shiga rana daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, ana shafa masa man takrolimus mai ƙarfin kashi 0.1 cikin ɗari. A shafa kaɗan, sannan a ɗauke masa hankali da abinci ko wasa na minti 10, in ba haka ba lashewa zai yi. Wani lokaci likita kan haɗa da magungunan sha, doksisaikilin da niyasinamaid, amma sai an yi haƙuri, don yakan kai mako 6 zuwa 8 kafin a ga canji. Man kariya daga rana mai sinadarin zink kuwa, kada a kusantar da shi, yana cutar da karen idan ya haɗiye.

Wadda ke tayar da hankali ita ce mai game jiki. Yau kare na ɗingishi da ƙafar gaba, jibi ya koma ta baya. Zazzaɓi ya zo ya tafi, gyambo a baki, dasashi ya yi fari saboda jini na ƙarewa. Ƙoda kuma tana yoyon furotin cikin fitsari ba tare da an lura ba, kuma sau da yawa ita ke kai kare ƙasa. Gwaji ɗaya ba ya tabbatar da ita. Sai an haɗa awon jini da na fitsari, da ruwan gaɓoɓi, da gwajin ANA, wato awon jini da ke nuna ko garkuwa na far wa jikin karen. Kafin a fara magani dole a tabbatar ba cutar da kaska ke yaɗawa ba ce, domin alamominsu sun yi kama, kuma danne garkuwar karen da ke ɗauke da ƙwayar cuta ƙara masa ciwo ne.

Maganin farko shi ne firednisolon, mai danne garkuwar jiki, wajen miligiram 2 ga kowane kilo na nauyin kare a rana. Zai riƙa shan ruwa kamar me, fitsari ba kakkautawa, ga haki, ga ci. Kada a hana shi ruwa. A nan ne masu karnuka suka fi yin kuskure: da sun ga ya miƙe yana gudu, sai su ajiye maganin. Cutar takan dawo da ƙarfinta, jikin da ya saba da maganin kuma ya kasa samar da nasa sinadarin, wanda maganin ya maye gurbinsa, nan take, har kare ya faɗi. Likita ne ke ragewa sannu-sannu, kamar kwata duk mako 2 zuwa 4, yana duba jini da fitsari a kowane mataki. Kuma muddin yana kan wannan magani, kada a ƙara masa maganin ciwon gaɓoɓi irin su melokzikam. Haɗa su na iya huda masa ciki, ɗaya daga cikin alamomin kuwa ita ce kashi baƙi kamar kwalta.