Toka tan ashirin

Asabar, 7 ga Fabrairu, 2015, Sidni

Da safe na yi niyyar wanki ne kawai da kwanciya, sai ga abokiyar karatuna 'yar Sin tana buga ƙofa, wai lallai in raka ta Carriageworks kallon aikin wani ɗan ƙasarsu. Da ta ce mutum-mutumin Buddha ne sai na yi turus. A raina na ce, ni 'yar Malam, da zafin nan na Fabrairu, in ɗau ƙafa in tafi kallon gunki? Ta yi dariya ta ce ba wurin bauta ba ne, tsohuwar ma'aikatar gyaran taragon jirgin ƙasa ce aka mayar gidan nuna ayyukan fasaha. Na dai bi ta don kunya. Muka sauka a tashar Redfern, muka taka da ƙafa, muka ratsa masu sayar da kayan lambu na kasuwar Asabar.

Biyu ne, suna zaune suna fuskantar juna, kowanne ya haura mita 5. Ɗaya na alminiyam, yana ƙyalli. Ɗayan kuwa toka ce zalla, ruwan ƙasa-ƙasa mai duhu. Na alminiyam ɗin shi ne aka danƙara tokar a cikinsa har ta ɗauki siffa, kamar yadda ake buga tubali, sannan aka ɓare shi aka sake haɗa shi a gefe guda.

Mai aikin sunansa Zhang Huan, haifaffen lardin Henan a 1965. Tokar ba ta murhu ba ce. Ta turaren tsinke ce da masu ibada ke kunnawa a wuraren bautarsu na Shanghai da kewaye, aka tattara har tan 20 aka yo jigilarta zuwa Ostireliya. Abokiyata ta ce kakarta takan kunna tsinke uku, ta riƙe da hannu biyu a goshi, ta faɗi buƙatarta, ta soke su a wani babban kasko. Wata na roƙon haihuwa, wani lafiyar uwarsa, wani cin jarrabawa. Ta ce, "To kin ga abin da ya rage ke nan bayan an gama roƙon."

Na daɗe a tsaye a gaban na tokar, fiye da yadda na yi zato. Jikinsa ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani, ɓaraguzai sun zubo a gindinsa, kuma ba mai sharewa. Da gangan ne. An yi shi ne don ya riƙa zubewa a hankali har ranar da za a rufe nunin a watan Maris, ɗan'uwansa na ƙarfe yana zaune yana kallonsa. Wannan bai ba ni mamaki sosai ba, don abokiyata ta sha gaya mini cewa a addininsu babu abin da ke dawwama. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne lissafin: tsinke ɗaya tokarsa ko cokalin shayi ba ta cikawa. Tsinke nawa ne tan ashirin? Hannu nawa?

Gaskiya ba duka ya kwanta mini ba. Kakar nan da ta soke tsinkenta tana hawaye, an tambaye ta kafin a kawo tokarta nan mutane su tsaya suna ɗaukar hoto da kofin kofi a hannu? Na faɗa wa abokiyata haka. Ta ɗaga kafaɗa ta ce da ma zubarwa ake yi. Ban ce komai ba.

Azahar ta kusa kuɓuce mini, sai da na dawo ɗaki na yi.

Da daddare na ciro ɗan turaren wutan da Inna ta ƙulla mini a leda, na sa a gawayi ɗaya tak, taga a buɗe don kada na'urar hayaƙi ta tara mini jama'a. Ƙarfe tara a nan, hantsi a Kano, na kira ta. Na ba ta labarin tun daga farko, ban da kalmar gunki.

Ta yi shiru, can ta ce, "Toka dai? Har a jirgi? To ki ce su zo su kwashi ta bayan madafinmu, ta ishe ni."